An Sake Wa Tuwo Suna: Zancen Motocin Da Muke Hawa

A ƙauyukanmu na Jazira da na gaɓar Bahar Azrak ba safai ake kiran mota da sunan da masu ita suka manna mata a goshi ba. Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Madani ko ta Sinnar, ko kuwa a bakin kwalta a Mai Wurno, ya san da haka. Abin da zai ji a bakin yaran mota shi ne sifinja, da amjad, da boksi, da dafar, da hafila, da raksha. In ka tare masu hawan amjad safe da yamma ka tambaye su wane kamfani ya ƙera ta, da wuya ka sami mai ba ka amsa, kuma ba wanda abin ya dama. Wani ɗan boko zai ce ai rashin sani ne. Mu kuwa da muka bi sawun maganar, sai muka ga ashe mutanenmu ba su yi hasarar komai ba da suka yi watsi da waɗancan sunaye, domin su kansu masu ƙera motocin ba su riƙe sunan da daraja kamar yadda muke zato ba. Mota guda sukan raɗa mata suna uku ko huɗu, inji guda sukan dasa shi a cikin motoci iri-iri, kuma motar da ta tsufa a ƙasarsu ba yar da ita suke yi ba, wata ƙasa suke kai ta a ci gaba da ƙera ta kamar jiya aka haife ta.

Dalilin wannan ɗabi'a tasu kuɗi ne. Kafin kamfani ya sayar da sabuwar mota ko da guda ɗaya, sai ya zuba dukiya mai ɗimbin yawa wajen zanenta, da gwaje-gwajen shekaru, da manyan injinan da ke buga ƙofa da murfi da bodi kowanne a kan siffarsa. To in an riga an kashe wannan, gwargwadon yawan motocin da aka fitar a kan wannan shiri, gwargwadon sauƙin da kowace ɗaya za ta zo wa kamfanin. Tela ma in ya sha wahala ya yanka samfurin riga a takarda, ba ya yage takardar don ya ɗinka riga ɗaya.

Ingilishi ne suka fi kowa suna a wannan sana'a. A 1952 kamfanin Austin da na Morris suka haɗe suka zama kamfani guda mai suna BMC, zuwa 1959 kuwa sai ga mota ɗaya ana sayar da ita da suna biyar: Austin, Morris, MG, Riley da Wolseley. Bambancinsu bai wuce fitilu da ragar gaba da kujeru ba, sai ɗan ƙarin ƙarfin inji a biyu daga ciki. Haka suka yi da manyan motocinsu. Lorin Austin da iyayenmu suka yi ta hawa zuwa Gadarif yankan riɗi, ita ce wadda aka sayar a wasu wurare da sunan Morris, daga baya kuma aka manna mata Leyland. Masu sayen mota a Turai sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan, suna ganin yaudara ce ko lalaci. Bahaushe ma yana da sunan abin, yakan ce an sake wa tuwo suna. Amma mu da muke can ƙarshen hanya, inda mota kan iso bayan kowa ya gama da ita, ra'ayinmu ya sha bamban da nasu, kuma muna da hujja.

Bari mu fara da sifinja tunda ita ce uwa. Sunanta na yanka Bedford TJ, kuma ta fito ne daga gidan Vauxhall na Ingila, wanda General Motors na Amurka ya saye tun 1925. An fitar da ita a 1958, kuma ko a lokacin ba sabuwa ce fil ba, gyaran fuska aka yi wa yayarta ta 1953. Ta shigo Sudan a ƙarshen shekarun 1960. A 1975 aka daina sayar da ita a Ingila domin ta tsufa a ganinsu, amma ba a daina ƙera ta ba, aka ci gaba da loda ta a jirgin ruwa ana aiko wa irinmu. Da General Motors ya gaji da harkar manyan motoci a Ingila, sai ya sayar da masana'antar a 1987 ga wani kamfani mai suna AWD, shi kuma ya ci gaba da fitar da wannan lori ɗin dai har ya durƙushe a 1992. Fiye da shekara 30 ke nan ana buga fuska guda. Ban da wannan, kamfanin Hindustan Motors na Indiya ya karɓi lasisi ya yi ta ƙera ta shekaru da yawa, a Pakistan ma haka, inda suke ce mata Roket suna yi mata ado kamar amarya. 'Yan'uwanmu na Nijeriya su ma sun san ta, domin a Legas an yi ta harhaɗa ta.

Abin da maƙeran Sudan suka yi da wannan lori kuwa sai wanda ya gani. Ba sa barinta yadda ta zo. Sukan kwance ta har ƙashi, su ninka ƙarfen shasi, su ƙara wa sifirin ganye, su sa mata manyan tayoyin da za su iya da rairayi da kuma baƙar lakar Jazira ta damina, su ƙara tankin mai da na ruwa, sa'an nan su gina mata bodin ƙarfe mai tsawo, a zane shi da launi. In ta fito daga hannunsu sai ta ɗauki kayan da wanda ya zana ta a Ingila bai taɓa mafarki ba, ga mutane a bisa buhuna. An ce mata sifinja ne domin laushin tafiyarta, kamar silifas ɗin soso da muke sawa. Har wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya zo ya zauna da maƙeran nan ya yi rubutu a kan aikinsu, wata ƙwararriya kuma, Valerie Hänsch, ta yi fim a kansu a 2009. Abin lura a nan shi ne wannan gwaninta ba ta samuwa a shekara biyu ko uku. Sai lorin ta zauna a siffa guda tsawon zamani, uba ya koya ya koya wa ɗa, a gwada wannan a ga ya karye a gwada wancan. Da a ce kowace shekara biyar ana sake ta gaba ɗaya, da kafin usta ya gama gane ta an kawo masa wata.

Sai kuma maganar kayan gyara, wanda a nan muke ce wa isbir. Lorin da Ingila ta daina ƙerawa shekaru masu yawa da suka wuce, me ya riƙe ta a kan hanya? Yawan 'yan'uwanta ne a wasu ƙasashe. Muddin akwai dubban irinta a Indiya da Pakistan, to akwai ƙananan masana'antu a can da ke cin abinci da buga mata fistin da zobe da kuloci da takalmin birki, mu kuma mu samu a inuwarsu. Mai karatu zai tuna cewa Amurka ta sa wa Sudan takunkumi daga 1997 har zuwa 2017. A shekarun nan kowa ya ga yadda jiragen ƙasa masu kan Amurka suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, jiragen saman ƙasar ma haka, domin isbir ɗinsu ƙofa guda gare shi, an kuma rufe ta. Amma mu dai ba mu taɓa ganin sifinjar da takunkumi ya kwantar ba. In an toshe nan sai ya ɓullo ta can. In ma injinta ya mutu murus, sai usta ya ɗauko injin wata lorin Japan ya gyara masa mazauni ya dasa, gobe ka gan ta ta yi lodin albasa ta nufi kasuwa.

Labarin amjad ya fi wannan ban dariya. Wannan 'yar ƙaramar bas da ke kai mata asibiti da yara makaranta, sunanta Daewoo Damas, kuma kowa ya ɗauka 'yar Koriya ce. Alhali kuwa asalinta Suzuki ce ta Japan ta shekarun 1980, Daewoo ya karɓi lasisinta ya fara fitar da ita a 1991. A shekarar nan dai ya fitar da Tico, wadda ita ma Suzuki Alto ce ta 1988 aka sake wa suna, kuma injinsu ɗan gida ɗaya ne, mai silinda uku, bai cika lita guda ba. Shi ya sa yaron da ya iya gyaran tiko ba ya neman wani malami kafin ya taɓa amjad. Daewoo ya karye, General Motors ya saye shi a 2002, watau sifinja da amjad sun zama 'ya'yan uba ɗaya ba tare da sun sani ba. A ƙarshen 2013 aka tsai da ƙera Damas a Koriya saboda ta kasa cika sababbin dokokin tsaro da na hayaƙi. Sai ƙananan 'yan kasuwa da masu kai saƙo na ƙasar suka tashi tsaye suka ce ba su da wata motar da kuɗinsu zai kai, har gwamnati ta sassauta, aka koma ƙera ta a 2014, ba a rufe ba sai 2021. A Uzbakistan kuwa tun 1996 suke ƙera ta, daga baya suka manna mata sunan Chevrolet. Ashe talakan Koriya da talakan Jazira buƙatarsu ɗaya ce.

In aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya haka za a tarar. Bas ɗin Hyundai Grace Mitsubishi ce da aka fara ƙerawa da lasisi a Koriya a 1986. Hayis ɗin Sin da ake kira Jinbei Toyota Hiace ce, da lasisi tun 1991. Tsofaffin Hillman masu launin rawaya da suka yi aikin tasi a Khartum, irinsu ne Iran ta yi ta ƙerawa da sunan Paykan daga 1967 har 2005. Fijo 504 da ta fito a 1968, Faransa ta gama da ita tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006. Raksha da ta cika mana lunguna, wadda a Kano suke ce wa a-daidaita-sahu, kakanta ɗan Italiya ne: kamfanin Bajaj na Indiya ya fara ne da lasisin Piaggio, lasisin ya ƙare a 1971, shi kuwa bai daina ƙira ba.

Ba daga littafi muka fara jin wannan karatu ba. Akwai wani tsohon usta a unguwar masu sana'a ta Sinnar wanda mu malaman makaranta mukan zauna a rumfarsa in mun shiga gari karɓar albashi, domin ba ya rasa shayi. Wata rana wani saurayi ya zo masa da ƙorafi, wai ya zagaye shaguna bai sami famfon ruwa na Grace ba. Tsohon bai ko ɗaga kai ba ya ce masa, "Koma ka ce a ba ka na Mitsubishi, ɗana." Da yaron ya tafi sai muka ce, "Baba usta, yaya za a sa kayan wannan kamfani a motar wancan?" Ya ce, "Ustaz, ku da kuka yi karatu kukan duba goshin mota. Mu murfi muke ɗagawa mu duba lambar da aka buga a jikin inji. Goshi na mai sayarwa ne." Lambar da yake nufi ita ce 4D56, injin gas na Mitsubishi, wanda Hyundai ya ƙera irinsa ya ba shi wata lamba tasa.

Ba a mota kaɗai abin ya tsaya ba, ya shiga har gonakinmu. Jar taraktar nan Massey Ferguson da ke huɗa hawasha a Jazira da manyan gonakin dawa na Damazin, injinta na Perkins ne, kamfanin da Massey ya saye a 1959. Ƙirar shekarun 1960 da 1970 ce aka ɗan taɓa, kuma da ita Indiya da Pakistan da Iran da Turkiyya suka kafa masana'antunsu na tarakta. Haka nan wabur ɗin Lista mai tayar ƙarfe biyu da ke ɗaga mana ruwa daga kogi zuwa lambunan albasa da tumatir, ko ya juya injin niƙa: an zana shi tun wajen 1930, Ingila ta daina ƙera shi a 1987, Indiya ba ta daina ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Da aka buɗe birnin masana'antu na Giyad a 2000, kimanin kilomita 50 kudu da Khartum a kan hanyar Madani, ba wata sabuwar mota aka ƙirƙiro a can ba. Hyundai Accent aka riƙa harhaɗawa, da taraktar Massey, daga baya da BYD ta Sin, wadda ita kanta kamanninta na tsohuwar Toyota Corolla ne, injinta kuma ƙirar Mitsubishi. Wasu sun yi ta ba'a suna cewa wannan ai ba ƙira ba ce, ɗaurin kusoshi ne. Mu ba mu ga abin ba'a ba. Koriya ma da haka ta fara, motar Hyundai ta farko da suka kira tasu, Pony ta 1975, injin Mitsubishi ke cikinta. Abin tambaya shi ne ko an wuce ɗaurin kusoshin zuwa mataki na gaba kamar yadda su suka wuce.

To amma kada mai karatu ya ɗauka yabo muka zo yi wa kamfanonin nan. Ba don ƙaunarmu suke yin abin da suke yi ba, kuma araha ba ta ado. Motar da aka zana shekara 30 ko 40 da suka wuce, da ilmin tsaro na wancan zamani aka zana ta. Dubi amjad da kyau: tsakanin gwiwar direba da abin da zai yi karo da shi ba komai sai fallen ƙarfe da fitila. A lungunan gari wannan ba laifi, amma mu mukan cika ta da mutane mu hau da ita babbar kwalta tsakanin Sinnar da Sinja, muna goga kafaɗa da tireloli. A 2018 wata ƙungiya mai gwada ƙarfin motoci da ake kira Global NCAP ta gwada boksin Nissan NP300 da ake sayarwa sabo a Afirka, wanda ƙirar ƙarshen shekarun 1990 ne, bai sami tauraro ko ɗaya ba cikin biyar wajen kare ran babban mutum. A 2020 suka haɗa shi karo gaba da gaba da boksin kamfanin nan dai na kasuwar Turai, kwance, ƙirar 2015. Awon ya nuna direban sabuwar motar Afirka da wuya ya rayu, na tsohuwar motar Turai kuwa zai fito da ƙafafunsa. A nan ne sake wa tuwo suna ya zama zalunci: a kawo maka tsohon abu, a ɓoye maka shekarunsa, a karɓi kuɗin sabo.

Haɗa kaya tsakanin kamfanoni ma yana da tasa illar. In tukunya guda ce ke ciyar da unguwa, ranar da guba ta faɗa ciki ba gidan da zai tsira. Jakar iskar da kamfanin Takata na Japan ya ƙera don kare direba in an yi karo, an gano tana iya fashewa ta watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuska. Da yake kamfanonin mota kusan 20 ne ke saye a wurinsa, a Amurka kaɗai sai da aka nemi a dawo da jaka wajen miliyan 67, Takata ya karye a 2017. Can ana aika wa mai mota wasiƙa ya kawo a sake masa kyauta. Motar da ta bi hannu uku kafin ta sauka a Fot Sudan, wa zai aika wa mai ita wasiƙa? Sa'an nan ga matsalar da ta fi kusa da mu. Yawan masu buga isbir shi ya kawo sauƙin kuɗi, shi ne kuma ya cika kasuwa da jabu. Duk shagon da ka shiga za a tambaye ka, asli kake so ko tijari? Kwalin ɗaya, rubutun ɗaya, kama da wane ba ta wane. A kan fitila ko madubi mutum ya sayi tijari ba komai. A kan birki da sitiyari kuwa ran mutanen da ke cikin motar ake ciniki.

Akwai wata fuskar da ba mu so taɓawa, amma ba yadda za a yi zancen mota a Sudan a tsallake ta. Land Cruiser ɗin nan mai buɗaɗɗen baya da ake ce wa tacar, da sunan tsohuwar firayim ministar Ingila, Toyota ya fitar da ita a 1984, kuma bai bar ƙirar ba. Injin gas ɗinta mai silinda shida da ake kira 1HZ, na 1990, ba ruwansa da kwamfuta, yana shan man da ya samu, kowane usta kuma ya iya shi. Wannan inji shi ne a cikin bas ɗin Coaster da ke kai baƙi biki. Halayen da suka sa likitoci da masu agaji suka zaɓe ta su ne suka sa masu bindiga suka zaɓe ta. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, yaranmu sun koyi gane ƙarar wannan inji daga nesa, ba don sha'awa ba. Madani ta faɗi a Disamba 2023, Sinja a Yuni 2024, kafin soja su koma Sinja a Nuwamba 2024, Madani kuma a Janairu 2025. A tsakanin nan an kwashe motoci da taraktoci ba adadi daga gidaje da gonaki, aikin Giyad ma ya tsaya. Da mutane suka fito gudun rai, abin da ya ɗebe su shi ne abin da ya saura: tsofaffin lori, da tarakta mai jan tirela, da raksha, da amalanken jaki. A ranakun nan ba wanda ya tambayi lori shekararta nawa. In ta mutu a daji, a cikin fasinja ba a rasa wanda ya taɓa kwance irinta.

Yanzu jama'a na komawa gidajensu a hankali, kuma duk wanda ya sami ɗan abin hannu daga ɗa ko ƙane da ke aiki a Saudiyya, tunaninsa na farko abin hawa ne da zai yi haya da shi. Su kuwa kamfanonin ba su bar halinsu ba, sai ma abin da ya ƙaru. Toyota Starlet da aka fara sayarwa a Afirka a 2020, Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya. Fijo da Fiat da Opel da Vauxhall duk sun koma ƙarƙashin kamfani guda tun 2021 mai suna Stellantis, mai riƙe da sunayen mota 14, kuma a 2025 ya rufe masana'antar Luton, garin da aka haifi Bedford. Bambancin da ke akwai shi ne motocin yanzu kwamfuta ke tafi da injinsu. Ko da kayan cikin iri ɗaya ne, wani lokaci sai an jona na'ura an gabatar da sabon kayan ga kwamfutar motar kafin ta yarda ta tashi, na'urar kuwa ba a rumfar usta take ba. Saboda haka shawararmu ga mai shirin saye ita ce ya tafi da bakanike tun ranar ciniki, a ɗaga murfi a karanta lambar inji, sa'an nan a zagaya shagunan isbir na Madani ko Sinnar a tambaya, wace mota ce kuma ke da wannan inji, kuma shago nawa ne ke da kayansa. In shago ɗaya ne tak, a haƙura da ita komai kyanta.

A nan ne maganar ta iso ƙofar ajinmu. Da yawa cikin yaran kanabi da ƙauyukanmu ba sa wuce makarantar farko, daga nan sai hawasha ko rumfar usta. Mukan sallame su sun iya haruffan Larabci da lambobin da ake rubutu da su a littafin lissafi na Larabci. Amma lambar da ke jikin inji da kwalin isbir da haruffan boko aka buga ta, da lambobin Turawa: 4D56, 1HZ, 5L. Yaron da bai iya karanta su ba zai shekara goma yana wankin kusoshi yana jiran a ce masa ɗauko wancan, in an aike shi shago kuma duk abin da aka miƙo masa shi zai karɓa. Tsofaffin ustoci da ido da hannu suka haddace abin, domin motocin zamaninsu ba su fi a ƙirga ba. Na yanzu sun yi yawa, ido kaɗai ba zai riƙe su ba.

Don haka a makarantarmu, mu malamai uku muka ware rabin sa'a ranar Alhamis bayan tashi, ga duk yaron da ke so. Ba mu da littafi, sai muka ce kowa ya roƙo kwalin isbir da aka yar daga garejin da ke kusa da gidansu. Mukan rubuta lambar a allo, su kwafa, su karanta da ƙarfi, sa'an nan a jera kwalayen a ƙasa a nemi masu lamba iri ɗaya. A zama na uku wata yarinya 'yar aji shida, wadda babanta ke jan boksi, ta gano cewa kwalin filtar mai da ta kawo da wanda wani yaro ya kawo daga wurin mai hayis lambarsu ɗaya, domin Toyota ya sa injin 5L a cikin motocin biyu. Iyaye biyu sun riga sun aiko suna tambaya ko manya ma za su iya zuwa. In mun gama da kwalaye za mu shiga lambobin da ke jikin taya, domin a can ne ake rubuta mako da shekarar da aka ƙera ta.